Kaset ɗin Bikin Gida: Juye Shi Cikin Kwamfuta Tun Ana Samun Injin Kunnawa

 

 An nemi in yi bayani a kan yadda ake juye bidiyon da aka ɗauka da kyamara zuwa cikin kwamfuta. Na san wasu za su ce ai wannan aikin yaran shago ne, me ya kai shi zauren lacca? To ku ɗan ba ni hankalinku.

A gidaje da yawa na Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi da Zinder, in aka buɗe ƙasan durowa ko tsohuwar akwatin ƙarfe, za a tarar da kaset-kaset na bidiyo. An rubuta a jikin wani "Bikin Yaya", wani "Sunan Abba", wani "Saukar karatu", wani kuma "Dawowar Alhaji", wani ma ba a rubuta komai ba. Masu gidan sun kwantar da hankalinsu tun da kaset ɗin yana nan. Abin da na zo in faɗa yau shi ne, kaset yana lalacewa a hankali, amma injin da zai kunna shi ya fi shi saurin ƙarewa, kuma an daina ƙera shi. Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera injin VHS, ya tsayar da aikin a watan Yulin 2016. Duk injin da kuka gani yau a kasuwa na hannu ne, bel ɗinsa na roba yana saki, hed ɗinsa mai karanta zaren kaset yana cinyewa, masu gyaransa kuma sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya. Ma'aikatar adana fina-finai da sauti ta ƙasar Ostireliya ta fitar da gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a juye ba zuwa 2025 akwai yiwuwar a rasa abin da ke cikinsa har abada. Wannan fa ƙasa ce mai ɗakunan sanyi da ƙwararru, balle mu da ke ajiye namu a ɗakin kwano.

Mu fara da sanin abin da ke hannunmu, domin kowane kaset da hanyarsa. Babban nan baƙi da kowa ya sani shi ne VHS, kamfanin JVC ne ya fito da shi a 1976, shekara guda bayan Sony ta fito da Betamax, wanda daga baya ya sha kaye a kasuwa. Da irin wannan kaset ne masu ɗaukar biki suka yi ta yawo da babbar kyamara a kafaɗa, yaro na biye da fitila mai zafi. Da shi ne kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon sana'ar finafinan Hausa na bidiyo daga kansa. Akwai ƙanin VHS, wato VHS-C, na 1982: zare iri ɗaya ne da na VHS, gidan ne kawai ƙarami, shi ya sa ake saka shi cikin wani babban kwanso a tura shi injin VHS ya yi aiki. Sai dangin Sony masu zare siriri mai faɗin milimita 8, wato Video8 na 1985, da Hi8 na 1989, da Digital8 na 1999. Waɗannan ba su da wani kwanson da zai sa su shiga injin VHS, duk wanda ya ce zai sayar muku da shi yaudara ce. Sai ɗan ƙaramin nan MiniDV, wanda ya shigo a 1995, ya zama abin hannun masu ɗaukar biki da masu shirya fim shekaru da dama. Bayan su ne aka yi kyamarori masu ƙaramin faifan DVD, da masu rumbun ajiya a ciki, da masu katin memori.

Kada sunayen su ruɗa ku. Gida biyu ne kawai. Akwai waɗanda suke ajiye hoto a matsayin lambobi, irin yaren da kwamfuta take ji: MiniDV, Digital8, faifai, rumbu da kati. Akwai kuma waɗanda suke ajiye shi a matsayin tashi da saukar ƙarfin maganaɗisu a jikin zare: VHS, VHS-C, Video8 da Hi8. Na gidan farko kwashe su ake yi, abin da ke ciki ya koma kwamfuta babu ragi. Na gida na biyu sai an sami na'urar da za ta kalli hoton yayin da yake tafiya ta mai da shi lambobi, kuma kyawun abin da za a samu ya rataya a kan lafiyar injin da ya kunna da nagartar na'urar da ta karɓa.

Masu kati da rumbu ba za su ci mana lokaci ba. A haɗa kyamara da kwamfuta ta wayar USB, ko a zare katin a sa a kwamfuta, a kwafe. Sai dai a kwafe jakar gaba ɗaya yadda take, kada a tsinci fayilolin bidiyo kaɗai a bar sauran. Tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006 yana yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, ƙananan fayilolin da kuke ganin ba su da amfani su ne suke faɗin yadda za a haɗa su. Mai ƙaramin faifai kuma sai an rufe faifan a cikin kyamarar da ta ɗauke shi kafin kwamfuta ta iya karanta shi. Akwai wurin yin haka a cikin jerin umarnin kyamarar. Mutane da yawa sun jefar da faifai suna zaton babu komai a ciki, alhali rufewa ce kawai ba a yi ba.

MiniDV da Digital8 su ne suke ba mutane haushi, domin suna ganin ramin USB a jikin kyamarar, su haɗa, su ga shiru. A yawancin waɗannan kyamarori ramin USB na kwashe hotunan kati ne kawai, ko ya ba da bidiyo ƙarami maras kyau. Hanyar gaskiya ita ce wani ramin daban da ake kira FireWire. Sony tana kiransa i.LINK, wasu kamfanoni su rubuta DV, wasu su rubuta lamba 1394, duk abu ɗaya ne. Ta nan ne abin da ke kan zare yake gangarawa kwamfuta daidai yadda aka ɗauke shi, har da kwanan wata da sa'ar da aka yi ɗaukar, in dai an saita agogon kyamarar a wancan lokacin. Matsalar ita ce kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da wannan rami. Mafita mafi sauƙi ita ce tsohuwar kwamfutar cinya ta wajen 2005 zuwa 2010 mai ramin a jikinta, ko kuma kwamfutar tebur a saya mata katin FireWire a dasa a ciki. Akwai wata waya da ake tallatawa, kai ɗaya USB kai ɗaya FireWire, babu komai a tsakani. Kada ku saya. Yarukan biyu ba sa jin juna, kuma tana iya ƙona muku ramin kyamara. A kula kuma: babban kan FireWire mai fil shida yana ɗauke da wuta, don haka a kashe kyamara da kwamfuta kafin a soka ko a zare, a kuma duba kada a soka shi a juye. Ramin da ya ƙone a kyamarar 2003, ina za a sami wani?

In an haɗa, a murɗa kyamara zuwa wajen kallo, ba wajen ɗauka ba, a jona ta da wuta ta caja domin batirin shekara ashirin ba abin dogaro ba ne. A kwamfuta mai Windows akwai 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna WinDV da take wannan aiki, a ta Apple kuma iMovie. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan giga 13. Wato rumbu mai tera ɗaya zai ɗauki sama da awa 70. A da wannan babban nauyi ne, yanzu kuwa ba wani abu ba ne, saboda haka babu dalilin matse shi tun a karon farko.

Ga wata dabara da ta kamata masu Video8 da Hi8 su sani. Da yawa daga cikin kyamarorin Digital8, ban ce duka ba, suna iya kunna tsofaffin kaset na Video8 da Hi8, su mai da su lambobi da kansu, su fitar ta FireWire. Wanda ya sami irin wannan kyamara mai lafiya ya huta da rabin wahala. A duba lambar samfurin kafin a biya kuɗi. Tsofaffin kyamarorin Video8 na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 kuwa suna da wata cuta sananniya: ƙananan kafasitocin cikinsu suna yoyo, su cinye allon. In kun buɗe murfin kuka ji ƙarni, ko kuka ga hoto yana birkicewa ko da wane kaset aka saka, to ciwon ke nan, kuma kada a ɗora wa kaset laifi.

Yanzu mu zo kan VHS, inda yawancin dukiyarmu take. Ana buƙatar injin bidiyo mai lafiya, da wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, da kuma na'urar karɓa wadda kai ɗaya yake shiga USB. In injin ko kyamarar tana da ramin S-Video, mai zagaye da fil huɗu, a yi amfani da shi maimakon rawayar waya, domin yana raba haske da launi, hoton ya fi fita tsab. Kyamarorin Hi8 galibi suna da shi. Na'urorin karɓa masu arha sun cika kasuwa, kuma a ganina nan ne ake yin babbar asara. Wasu suna ƙone fari, sai ka ga babbar riga da fuskar mai ita sun zama haske ɗaya. Wasu suna zubar da hotuna a hanya, sai murya ta riga baki ko baki ya riga murya, tun abin yana kaɗan a farkon kaset har ya kai daƙiƙu a ƙarshe. Tsohon zare ba ya tafiya daidai, yana ɗan ja yana ɗan saki, na'ura mai arha kuma ba ta da haƙurin wannan. Ƙwararru suna sa wata na'ura a tsakani mai daidaita tafiyar hoton, ana kiranta TBC, wasu manyan injinan JVC da Panasonic ma da ita a cikinsu. Tana da tsada. Wanda ba shi da hali, wasu injinan ɗaukar DVD na Panasonic suna yin kusan wannan aiki in aka bi da hoton ta cikinsu kafin ya isa na'urar karɓa.

Akwai maganar tsarin talabijin, wadda ta shafe mu kai tsaye saboda zumuntarmu ta ƙetare iyaka. Najeriya da Ghana sun bi tsarin PAL, mai hoto 25 a daƙiƙa. Nijar ta bi SECAM irin na Faransa. Amurka da Japan sun bi NTSC, mai hoto kusan 30 a daƙiƙa. Kaset ɗin VHS da aka ɗauka da SECAM, in aka sa shi a injin PAL zalla, sai ya fito fari da baƙi, mutane su ce launinsa ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kuma, injin namu yana iya nuna shi a talabijin amma na'urar karɓa ta ƙi gane shi, domin abin da injin yake fitarwa gauraye ne, ba PAL sosai ba, ba NTSC sosai ba. Maganin shi ne injin da ke jin tsari da yawa, irin waɗanda alhazai da 'yan kasuwa suka riƙa shigowa da su, sannan a faɗa wa manhaja tsarin da ake ciki. Ga namu na PAL, a saita girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, fasali 4 da 3. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Sau da yawa ana miƙe tsohon hoto don ya cika faffaɗan gilashin zamani, sai ka ga amarya siririya ta koma gajeriya mai faɗi, danginta suna ta musun ko ita ce. A bar baƙin fili a dama da hagu, ba aibu ba ne. Haka nan in kun ga layuka-layuka a gefen hannun mai rawa a kwamfuta, ba lalacewa ba ce. Tsohuwar talabijin rabi-rabi take zana hoto, sau 50 a daƙiƙa, kuma manhajar kallo irin VLC tana iya haɗe su yayin kallo.

Kafin a sa kowane kaset a inji, a dube shi ta tagarsa. In an ga fari-fari ko toka-toka a gefen naɗin zaren, funfuna ce, kuma damina ce ta haifar da ita. Kada a kunna shi. Funfuna tana manne zare da zare har ya tsinke, tana toshe hed, sannan ta bi inji ta kama kaset na gaba. A ware shi daban, a kai wa wanda ya iya buɗewa da sharewa. In babu funfuna, a ɓalle ɗan harshen da ke bayan kaset ɗin VHS, ko a ture ɗan makullin da ke jikin MiniDV da na milimita 8, yadda ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge komai ba. Sannan a tura zaren har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya, domin ya saki jiki bayan shekarun da ya yi a naɗe. A fara gwada injin da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. In zai ci zare, gara ya ci na tsohon fim ɗin Indiya da ake samu ko'ina. Kaset ɗin da aka ɗauka da tafiyar LP, wadda take mai da MiniDV na minti 60 ya zama na minti 90, sau da yawa ba ya fita sosai sai a kyamarar da ta ɗauke shi, saboda haka in tana nan da rai, ita za a fara nema.

Wannan aiki ba ya karɓar gaggawa. Kaset na awa uku, awa uku zai ci, babu hanyar tura shi da sauri yadda ake tura fim a waya. Kuma wutar lantarkinmu kun san halinta. In aka ɗauke wuta zare yana naɗe a jikin hed, fitar da shi ba tare da ya yamutse ba sai gwani. A yi aikin a kan inbata ko sola, ko a ƙalla a sa ƙaramin batirin nan na kwamfuta a tsakani. Janareta ƙarami mai hawa da sauka yana iya sa layi a hoto da gunji a sauti. Lokacin hunturu a rufe tagogi, ƙura abokiyar gabar hed ce. Sannan mutum ya zauna ya kalla. Wanda ya danna ya tafi sallar la'asar ya zarce hira, zai iya dawowa ya tarar hed ya toshe tun minti na goma, sama da awa biyu da rabi na shuɗin allo ya ajiye.

A nemi kaset na asali. Wannan maganar ina son ta zauna. Mai ɗaukar biki yakan ɗauka a kaset ɗaya, ya koma shago ya yanyanka ya juye a wani, ya ɗora kiɗa, ya sa furanni da rubutu mai juyawa, sannan daga wannan ya buga wa dangin ango nasu, dangin amarya nasu. Kowane juyi a VHS yana rage kaifi da launi, yana ƙara hazo. Na uku yana zama kamar shayin da aka ƙara wa ruwa sau biyu. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya rubuta littafin Signal and Noise na 2008, ya yi dogon bayani a kan yadda ido da kunnen mutanen nan suka saba da dusasshen hoto da shaƙaƙƙiyar murya saboda kwafin kwafi da ke fita daga kasuwa irin ta Ƙofar Wambai. Mun saba har muna zaton haka zamanin yake. Wanda ya ga asalin ɗaukar Hi8 ta 1994 an juye ta da kyau zai yi mamakin yadda ake ganin zanen lalle da aikin wuyan riga. Masu ɗauka da yawa sun goge na asali sun sake ɗauka a kai saboda tsadar kaset, amma wasu sun ajiye. A je a tambaya, ko a tambayi 'ya'yansu.

Wani abin takaicin kuma shi ne na waɗanda suka kai kaset shago a shekarun 2000 aka mai da musu shi faifan VCD, suka karɓi faifan suka zubar da kaset. VCD girman hotonsa 352 da 288 ne, kuma a matse yake ƙwarai, sai ka ga fuska ta farfashe gida-gida da zarar an motsa. Faifan da aka ƙona a shago kuma rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cinye shi. Irin wannan kuskure ake maimaitawa yanzu da sabon salo: a juye kaset, a tura ta WhatsApp, manhajar ta matse shi, a ajiye wannan matsattsen a ce an adana. A riƙa yin fayil biyu. Na farko babba, yadda ya fito daga kaset, ba a taɓa shi ba, shi ne uwa. Na biyu ƙarami, MP4, wanda manhajar kyauta irin HandBrake za ta fitar daga uwar, shi ne na rabawa da kallo a waya. Gobe in an sami dabarar gyaran hoto da ta fi ta yau, uwar za a koma wa. Kaset ɗin ma kada a jefar. A mai da shi farko, a sa a kwalinsa, a jera a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Kada kuma a yanke komai daga uwar. Mutum yakan ce a cire inda kyamara take yawo, a bar inda amarya ta fito. Amma bayan shekara talatin, abin da yake sa mutane su yi tsit a gaban allo sau da yawa yana can gefe: tsohuwa zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ba ta ma san ana ɗauka ba; zauren ƙasa da aka rushe aka yi shaguna; muryar wani kawu daga bayan kyamara yana cewa a matsa a ba shi hanya; irin ɗaurin ɗankwalin shekarar; yadda ake jeren kwalla da samira a ɗakin amarya; Hausar da ake yi kafin ta cika da kalmomin waya. A wasu kaset ɗin akwai makaɗa da mawaƙan da suka yi wasa a ƙofar gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma ba duk wasan da irinsu suka yi a gidajen biki ne ya shiga gidan rediyo ba. Ban da ƙananan makaɗan garuruwa, masu kalangu da 'yan amada da zabiyoyi, waɗanda ƙila babu inda muryarsu ta rage sai a kaset ɗin bikin wani. Haka hawan sallah na zamanin Sarki Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014: talabijin ta ɗauki sarki da hakimai, mai kyamarar gida kuma ya ɗauki 'yan kallo. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wancan fim ne na gwamnati, shi ya sa ya sami masu nemansa. Kaset ɗin sunan ƙanwarku ba wanda zai zo daga Jamus nemansa.

Sai maganar amana, wadda littattafan Turawa a kan wannan aiki ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa dole ne. Bidiyon bikinmu rabinsa na cikin gida ne: kamu, sa lalle, wankan amarya, rawar mata a tsakar gida, babu mayafi, domin sun san na gida ne za su gani. A cikinsu akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda aurensu ya mutu suka yi wani, akwai waɗanda yanzu ba za su yarda ko hotonsu a ɗauka ba. A zamanin kaset, wanda zai gani sai ya zo falo ya zauna. Da zarar ya zama fayil, yatsa ɗaya ya isa ya kai shi inda ba a dawo da shi. Saboda haka in za a kai shago, a kai wa wanda aka sani, wani na gida ya zauna a wurin har a gama, a karɓi fayil, a sa a goge na kwamfutar shagon a gaban idonsa, har da wanda ya faɗa kwandon shara. Kafin a watsa a zauren dangi na waya, a tambayi iyayenmu mata da suke ciki. Ƙannena 'yan mata da kuke zaune a nan, wannan sana'a ce da ke jiranku. Tsohuwar kwamfuta, injin bidiyo ɗaya mai lafiya, kyamarar Digital8, na'urar karɓa mai kyau, da ɗaki a cikin gida. Hajiyoyi da yawa da ba za su taɓa miƙa kaset ɗinsu ga yaron kasuwa ba za su kawo muku da hannunsu.

Ajiya kuma kada ta zama wuri ɗaya. Masu adana kayan tarihi suna bin ƙa'idar kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani gida daban. A wurinmu wannan yana nufin rumbu ɗaya a gidanku, ɗaya a gidan yayarku a wata unguwa ko wani gari, na uku a ma'ajiyar intanet in akwai hali. Filash na kai saƙo ne. In ya daɗe ba a sa shi a wuta ba yana iya zubar da abin da ke ciki, ga jabu da suka yi yawa, a rubuta giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai takwas ba, ya yi ta karɓar fayil yana taka na baya. Rumbun ma ba ya dawwama, a riƙa kunna shi ana dubawa ko sau ɗaya a shekara, bayan 'yan shekaru a kwashe zuwa sabo.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Fayil mai suna "bidiyo 1" da "bidiyo 2" ba zai amfani jikokinku ba. A sa shekara a gaba, sai wata, sai gari, sai abin da aka yi, misali 1996, Disamba, Funtuwa, ɗaurin aure. A lamba kaset ɗin, a sa lambar a sunan fayil, a ɗauki hoton rubutun da ke jikin kwalin a ajiye tare. Sannan a ɗauki kwamfutar a kai wa Inna ko Gwaggo, a kunna mata, a sa waya tana naɗar muryarta yayin da take cewa wannan wance ce 'yar wane, wancan shi ne ya yi mana walicci, nan kuma gidan Malam ne kafin a fitar da titi. A rubuta sunayen da minti nawa kowa ya fito, a ajiye rubutun da muryar a jaka ɗaya da bidiyon.

Shugaban taro, nan zan dakata. Na ga wasu sun zo da kaset ɗinsu a leda, a miƙo su gaba mu duba irinsu da lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya yayin da ake karɓar tambayoyi.